Ɗan hakin da ke cikin dutse

A wannan mako ina roƙon ku ba ni aron hankalinku a kan zancen wata ƙura wadda ido ba ya gani, wadda ke zaune cikin dutse can ƙarƙashin ƙasa. Na san ɗan kasuwa zai ce ina ruwansa da ita, ma'aikaci kuma ya ce albashi ya fi ta muhimmanci. To amma in kun yi haƙuri da ni har ƙarshe, za ku ga cewa litar man da ake zuba muku a gidan mai ta bi ta hannun wannan ƙura kafin ta iso gare ku. Ni kuwa abin da ke tsakanina da ita ya wuce zancen mai, domin ta taɓa sa ni na zalunci wani bawan Allah.

Yawancin shekarun aikina na yi su ne a fannin ruwa, ina bin ƙauyuka muna haƙa rijiyoyin burtsatse, waɗanda muka fi sani da sunan foraj. A farkon aikin nan, ina saurayi mai ji da takardarsa, aka tura mu wani ƙauye a yankin Damagaram inda mata ke kwana a bakin tsohuwar rijiya suna jiran guga. Muka haƙa, muka sami ruwa cikin wani shimfiɗaɗɗen rairayi mai laushi, gari ya ɗauki guɗa.

A ƙa'idar aiki, bayan an gama haƙa ana wanke rijiya. Ana hura mata iska da inji kwana da kwanaki har sai ruwan ya fito garau, sannan a gwada ta mataki-mataki domin a san iyakar ruwan da za a iya ja a cikin awa ɗaya ba tare da an wahalar da ita ba. An koya mana wannan a makaranta, mun haddace shi, mun ci jarrabawa da shi. Sai dai an riga an tsai da ranar bikin buɗewa, an ce wani babban baƙo zai zo daga Yamai. Shef ɗinmu ya ce a gajarta wankin, a kuma saka famfo mai ƙarfi domin shato ya cika da wuri, baƙo ya ga ruwa na ambaliya. Ban ce uffan ba. Aka yi biki, aka yi kiɗa, muka koma biro.

Ba a shekara ba ƙorafi ya iso cewa shato ya daina cika. Aka tura ni bincike. Na zura awo cikin rijiya alhali inji na kashe, na tarar ruwan ƙasa yana nan inda muka bar shi. Na duba famfo, lafiyarsa lau. Sai na ce a raina, tun da ga ruwa ga famfo, to saura wanda ke tsakaninsu, wato dattijon da aka ɗora wa kula da inji. A lokacin kowa ya san ana sayar da gazuwal ɗin hukuma ta bayan fage, saboda haka zargin bai yi mini nauyin ɗauka ba. Dattijon ya dube ni ya ce: "Mushe, ni dai ban taɓa ko lita ɗaya ba. Rijiyar ce ta shaƙe." Na yi murmushin wanda ya yi boko, na rubuta rahoto, na sa hannu. Aka sallame shi.

Bayan wasu watanni, da ruwa ya ƙi ƙaruwa duk da sabon mai kula, aka tura ƴan gyara. Suka hura iska da ƙarfi ta koma cikin rairayin, sai ga ruwa ya fito fari kamar farau-farau. Rijiya ta farfaɗo, ta yi ƴan makonni tana ba da ruwa kamar ranar biki, sannan ta sake komawa gidan jiya. Na ji wannan labari, na ajiye shi a wani lungu na zuciyata, aka canza mini wurin aiki, shekaru suka shige.

Abin da ya tono shi shi ne zuwan ɗiyar ƙanwata hutu. Yarinyar tana karatun injiniyan man fetur, ta kuma zo mini da tsaraba wadda ban taɓa samun irinta ba: wani guntun dutse da aka yanka shi kamar batirin tocila. Ta ɗiga masa ruwa, ruwan ya nutse cikinsa nan take. Ta ce: "Kawu, kun ga gidan man fetur ke nan. Mutane na zaton tabki ne a ƙarƙashin ƙasa, alhali kuwa cikin irin wannan dutse yake maƙale, kamar yadda ruwa ke zama cikin jikin sabuwar randa." Daga nan ta shiga ba ni labarin aikin wasu malaman jami'a biyu da take nazari, ni kuma na biye mata, har muka kwashe mako guda muna bitar takardunsu, tana fassara mini. Ga abin da na fahimta.

Dutsen rairayi ƙwayoyin yashi ne da suka manne da juna cikin miliyoyin shekaru. Tsakanin ƙwaya da ƙwaya akwai ɗan fili, filayen nan kuma suna haɗe da juna ta wasu ƴan maƙogwarai waɗanda da yawansu ba su kai kaurin gashin kai ba. Ta nan mai ke bi ya iso rijiya. Wanda ya fara auna yadda ruwa ke ratsa yashi ma'aikacin ruwa ne irina, wani injiniyan Faransa mai suna Henry Darcy, wanda ya kai wa birnin Dijon ruwan famfo, ya kuma wallafa sakamakon gwajinsa a shekara ta 1856. Har yau da sunansa ake kiran ma'aunin sauƙin ratsa dutse, ko a wajen masu ruwa ko a wajen masu mai.

Idan aka huda sabon filin mai, ƙarfin da ke danne a ƙasa shi ke turo man sama. Wannan ƙarfi yana raguwa, saboda haka sai a haƙa wasu rijiyoyi a gefe a dinga tura ruwa cikin dutsen domin ya koro man zuwa rijiyar da ake ɗiba. Duk da wannan dabara, in aka haɗa filayen duniya aka yi ƙiyasi, abin da ake iya fitarwa bai wuce wajen kashi 1 cikin 3 na man da ke cikin dutse ba. Saura yana nan kwance har abada, sai fa in an sami sabuwar hikima. Ɗan kasuwa ya kwatanta: ka sayi buhu 3 na hatsi, ka kai gida 1, biyu suka maƙale a rumbun da ba ka da mabuɗinsa.

Tun da daɗewa masu aikin mai sun lura da wani abin ban haushi. A wasu filayen, da zarar an tura ruwa mai daɗi, wanda ba shi da gishiri, sai dutsen ya toshe, ruwa ya ƙi shiga, mai ya ƙi fita. A nan ne malaman nan biyu suka shigo: Scott Fogler, shehun malami a jami'ar Mishigan ta Amurka, da ɗalibinsa Kartic Khilar, mutumin Indiya, wanda daga baya ya koma ƙasarsu ya koyar a babbar makarantar fasaha ta Bombay. Sun ɗauki guntayen wani dutsen rairayi da ake fasawa a jihar Ohayo, wanda ake kira dutsen Bereya, irin wanda masu bincike a ko'ina ke gwaji da shi saboda ƙwayoyinsa kusan bai ɗaya ne. Suka tura masa ruwan gishiri, ya ratsa lafiya. Suka juya farat ɗaya zuwa ruwa mai daɗi, sai sauƙin ratsawar ya faɗi warwas cikin ɗan lokaci, ya koma wajen kashi 1 cikin 100 na yadda yake. Ruwan da ya samu ya fito kuwa yana ɗauke da ƙwayoyin farar laka.

Wannan laka tun asali tana cikin dutsen, liƙe a jikin ƙwayoyin yashi kamar shafen farar ƙasa a bangon ɗaki. Ƙanƙantarta ta kai sai ka jera goma ko ashirin kafin su kai kaurin gashi ɗaya. Muddin tana liƙe ba ta hana komai wucewa. In ta saki bango, ruwa ya ɗauke ta ya kai ta maƙogwaro, nan take cunkushewa ta rufe hanya.

Me ke sa ta saki? Laka da yashi, idan suna cikin ruwa, kowannensu yana ɗauke da irin cajin lantarki guda, iri ɗaya kuwa ture juna yake yi. A ɗaya gefen akwai wani ɗan ƙarfin jan juna da ke tsakanin duk abubuwa biyu da suka matso kusa ainun. Gishirin da ke narke a ruwa shi ke shiga tsakani ya rage turewar, kamar dillalin da ke zaune tsakanin mai saye da mai sayarwa waɗanda ba sa ga-maciji: yana nan ciniki na tafiya, ya tashi kowa ya kama gabansa. Matanmu sun san wannan a aikace ko da ba su san sunansa ba, domin idan suka jefa alif cikin ruwan tabki mai dauɗa, laka takan haɗu ta kwanta, ruwa ya washe.

A cikin takardun da suka wallafa a 1983 da 1984, Khilar da Fogler sun nuna cewa sakin yana da ƙofa. Za ka yi ta rage gishiri laka ba ta motsa ba, har sai ka sauka ƙasa da wani ma'auni, sannan ta ɓalle. A dutsen Bereya, da gishirin miya, ma'aunin ya kama wajen giram 4 cikin lita ɗaya, alhali ruwan teku yana da wajen giram 35. Sun kuma gano cewa yadda aka rage gishirin yana da tasiri. In a hankali aka rage, laka takan saki kaɗan-kaɗan ta wuce ta maƙogwaro ɗaya bayan ɗaya, ɓarnar ta zo da sauƙi. In kuwa lokaci ɗaya aka rage, duka suke tasowa, su yi cinkoso irin na ƙofar kasuwa ranar da kowa ya fito da jakinsa a sa'a guda. Sun ga kuma cewa ruwan da ke da sinadarin kalsiyam, wanda ake samu cikin farar ƙasa da alli, ya fi riƙe laka a wurinta. A 1998 suka tattara aikin nan cikin littafi guda a kan ƙaurar ƙananan ƙwayoyi cikin dutse da ƙasa.

Ban da ƙofar gishiri akwai ta gudu. Wasu masu bincike sun nuna cewa ko gishiri bai canza ba, idan saurin ruwa cikin dutse ya wuce wani ma'auni, ƙarfinsa kawai ya isa ya fizgo ƙurar daga bango. Wurin da ruwa ya fi gudu kuwa shi ne dab da bakin rijiya, inda duk ruwan da ya taso daga nesa ke matsuwa ya shiga ta ɗan ƙaramin wuri. Shi ya sa a nan toshewa ta fi aukuwa, a nan kuma ta fi ciwo.

Ina sauraron yarinyar ina gyaɗa kai, har ta iso wani gwaji da malaman suka yi domin su tabbatar da cewa cinkoso ne ya rufe dutsen. Bayan ya toshe, sai suka juya ruwan ya bi ta baya. Nan da nan hanya ta buɗe, domin an ture ƙurar daga maƙogwaran da ta cushe. Amma buɗewar ba ta daɗe ba, saboda ƙurar ta yi gaba ta sami wasu maƙogwaran ta sake toshe su. Da ta faɗi haka sai na ji jikina ya yi sanyi. Na tuna ruwan nan mai kama da farau-farau, na tuna makonnin da rijiya ta farfaɗo, na tuna komawarta. Ta ce: "Kawu, lafiya?" Na ce: "Ɗiyata, ci gaba, wani tsohon bashi na tuna."

Rijiyarmu ta ruwa ce, kuma ba gishiri ya kashe ta ba, gaggawa ce. Mun bar ƙura a gindinta saboda mun gajarta wanki, sannan muka ɗora mata famfon da ya fi ƙarfinta, ya yi ta janyo ƙurar tana taruwa a bakin matacin rijiyar har ta shaƙe, daidai da kalmar da dattijon ya faɗa. Da na tsaya na auna ruwa alhali inji na aiki, da na ga yadda yake faɗuwa cikin bututu, da na gane. Awa ɗaya ta ishe ni. Ban yi ba, domin zargin mutum ya fi binciken dutse sauƙi. An koya mana dokar a makaranta ba a nuna mana dalilinta da ido ba, dokar da mutum bai ga dalilinta ba kuwa ita yake fara yarwa ranar da shef ya matsa masa.

Labarin ƙurar bai ƙare a kan ɓarna ba. A 1999, wasu malamai biyu na jami'ar Wayomin ta Amurka, Tang da Morrow, suka ba da rahoton cewa ruwa mai ƙarancin gishiri yana fitar da mai fiye da ruwan gishiri a dutsen rairayi mai laka. Da suka gasa dutsen a wuta har lakar ta daskare, kamar yadda magina tukwane na Mirya ke gasa tulu, sai wannan ƙarin ya ɓace, abin da ya nuna cewa laka na da hannu a ciki. Har yanzu masana na muhawara a kan ainihin dalilin. Daga baya, a jami'ar Adeled ta Ostireliya, Pavel Bedrikovetsky da abokan aikinsa suka tsara lissafin yawan ƙurar da dutse ke iya riƙewa a kowane gudu da kowane gishiri, suka kuma kawo wata shawara. Ruwa malalaci ne, hanya mafi faɗi yake bi, ya bar man da ke cikin matsattsun wurare. To me zai hana a saki ƙurar da gangan a cikin faffaɗar hanyar da ruwa ya riga ya wanke, ta toshe ta, dole ruwa ya karkata zuwa inda mai yake? Manomin fadama da ke datse wannan kwali domin ruwa ya shiga wancan ya san dabarar. Ƙurar ɗaya ce, in ta toshe bakin rijiya hasara, in ta toshe can tsakiyar fili inda ake so riba.

Ina ruwanmu da wannan duka? A da ba ruwanmu, yanzu kuwa da ruwanmu dumu-dumu. Tun a ƙarshen shekara ta 2011 aka fara tace man Agadem, na jihar Difa, a matatar da ke arewa da Damagaram, wadda aka gina domin ganga 20.000 a rana. A 2024 kuma jirgin ruwa na farko ya yi lodin ɗanyen manmu a Seme ta ƙasar Benin, bayan man ya bi bututu mai tsawon kusan kilomita 2.000. Man Agadem cikin dutsen rairayi yake, dangin wanda malaman nan suka yi gwaji da shi. Kowane dutsen rairayi kuwa yana da irin lakarsa da irin ma'auninsa, ba a sanin na wani da na wani, sai an yanko guntunsa an kai ɗakin gwaji an tambaye shi: wane ruwa kake ɗauka, wane gudu kake jurewa?

Mu dai a fada da kasuwa lissafin ganga muke yi: nawa ake fitarwa a rana, nawa ne rabon ƙasa, yaushe lita za ta sauko. Tambayoyi ne na haƙƙi. Amma akwai wata da ba a cika yi ba, wato kashi nawa na man da ke ƙasa za a iya fitarwa kafin a rufe fili. Wanda ya matsa wa rijiya domin alƙaluman bana su yi kyau yana iya rage abin da jikokinsa za su samu, kuma ba wanda zai gani, domin ɓarnar tana can ƙasa inda ba mai leƙawa. Ƙasar da ba ta da ƴaƴanta masu iya karanta guntun dutse, abin da aka gaya mata shi za ta karɓa. Muna da jami'ar Abdu Mumuni, muna da makarantar ma'adinai ta EMIG a Yamai, muna da jami'a a Damagaram kusa da matata. Kirana ga hukuma da masu hali shi ne a wadata irin waɗannan wurare da kayan gwajin dutse, a kuma daraja yaron da ya zaɓi ya shekara biyar yana kallon ruwa na ɗiga daga guntun dutse. Khilar ɗalibi ne lokacin da ya yi aikin da har yau kamfanonin mai ke amfani da shi, kayan aikinsa kuwa famfo ne ƙarami, da ma'aunin matsi, da gishiri, da haƙuri.

Bayan yarinyar ta koma makaranta, na shiga mota na tafi ƙauyen. Rijiyarmu tana nan an rufe bakinta da ƙarfe, an haƙa wata a gabas da gari. Na tambayi dattijon, aka ce ya daɗe da rasuwa, bayan ya yi shekaru yana zuwa ci-rani. Aka kai ni wajen babban ɗansa, wanda shi ma furfura ta fara fito masa. A gaban mai gari da mutanen da ke zaune na faɗa masa cewa mahaifinsa bai saci gazuwal ba, ni ne na rubuta abin da ban bincika ba. Ya yi shiru, can ya ce: "Baba, ai mu mun sani. Ku ne ba ku sani ba." Ya sa aka kawo mini ruwa daga sabuwar rijiya, na sha.

Guntun dutsen nan yana kan teburina. Idan baƙo ya tambaye ni ko mene ne, nakan ɗiga masa ruwa in bar shi ya ga yadda yake nutsewa, sannan in ba shi labarin daga farko, har da sashen da ban so ba.